Hatimin Ranar Farko

Shekara ashirin da uku na yi a taga ta huɗu a gidan wayar garinmu, Porto-Novo, kuma a duk tsawon shekarun nan da wuya in ce na sayar wa mai cikakken hankali kan sarki. Masu hankali taga ta ɗaya suke zuwa. Su sayi kan sarki, su lasa, su manna, su jefa wasiƙa a akwati, su kama gabansu. Nawa mutanen kuwa masu tarawa ne. Dattawa da furfurarsu da jikokinsu, su zo da hantsaki a aljihu da gilashin ƙara girma rataye a wuya, su tsaya suna ƙirga haƙoran kan sarki ɗaya bayan ɗaya, layi na jira a bayansu. Na yi musu tsawa, na rufe taga a fuskarsu, na sha rantsuwa zan nemi a mai da ni sashen fakiti in huta. Ban taɓa nema ba. Gaskiyar magana ina son su, su ma sun sani, shi ya sa suka raina faɗana.

Babbar ranarsu ita ce ranar da aka fito da sabon kan sarki na tunawa da wani abu. Ranar akan aiko mana da hatimi na musamman mai zane da kwanan wata, a buga shi yini ɗaya tak, da yamma a mayar da shi inda ya fito. Kowa zai zo da ambulan ɗinsa, ya sa farin kwali a ciki don kada ya lanƙwashe, ya liƙe baki, ya rubuta sunansa ko na wani aboki, ni kuma in buga hatimin, rabi bisa kan sarkin, rabi bisa takarda. Irin wannan ambulan ba a buɗe shi har abada. Babu komai ciki sai kwali, kuma ranar da aka yaga shi ya tashi daga abin tarihi ya koma takardar ƙunshe gyaɗa. Duk mai tarawa ya san wannan tun kafin ya san yadda ake riƙe hantsaki.

Kowace Asabar, in mun rufe da tsakar rana, sukan taru a gindin mangwaron da ke bayan ofis. Benci uku ne da wani tebur mai ɗingishi. Su baje kundayensu, su yi musaya, su yi gardama a kan abin da bai kai a ɗaga murya ba, mai agidi da soyayyen kifi tana gefe tana cin kasuwarta. Ni ma nakan zauna, wai don kada su bar mana shara.

A cikinsu akwai Fofo Komlan Hunsu, tsohon shugaban tashar jirgin ƙasa, dogo, siriri, mai guga a riga ko ranar ruwan sama. Shekara arba'in yana tara kan sarki a wani kundi mai baƙar fata, wanda ko 'ya'yansa ba ya bari su taɓa sai sun wanke hannu. Matarsa ta rasu shekara shida kafin wannan labari. Akwai kuma Dada Huefa, tsohuwar ungozoma, wadda rabin 'ya'yan unguwarmu a hannunta suka fara kuka. Ita tsabar kuɗi na tunawa take tarawa, kowanne naɗe da auduga a cikin gwangwanin biskit, sai kuma kan sarki masu hoton tsuntsaye. Ita ma mijinta ya daɗe da rasuwa. Na ukunsu Tonton Dosu ne, tsohon mai ɗaukar hoto, wanda bakinsa ba shi da linzami. Shi ne ya fara lura cewa duk Asabar Fofo Komlan yakan goge gefen bencinsa da hankici kafin Dada Huefa ta iso, kuma ya yi shekara biyu yana tsokanarsa a kan haka.

Wata Asabar cikin damina Dada Huefa ta ajiye gwangwaninta ta ce 'yarta Sika, wadda ke aure a Libreville, ta aiko mata da tikiti. Nan da mako huɗu za ta koma can da zama. Aka yi ta Allah ya sa alheri. Shi kuwa Fofo Komlan, kan sarkin da ke bakin hantsakinsa ya suɓuce ya faɗi ƙasa, abin da ban taɓa gani ba a wurinsa.

Bayan an watse ina kulle ƙofar baya, sai na ji muryarsa. Ba laɓe na yi ba, makullin ne ke da taurin kai.

"Dada, an ce Libreville akwai laima. Tsabar kuɗi ba sa son laima."

"Nan ma ai bakin tafki muke, Fofo."

"Gidana yana kan tudu. Akwai kabad mai gilashi, rabinsa babu komai."

"Kabad kake nema wa ɗan haya?"

Ya yi gyaran murya har sau biyu. "Da kabad ɗin da mai shi."

Can ta ce, "Irin wannan magana ba a amsa ta a tsaye a gindin mangwaro. Zan ba ka amsa a rubuce."

Na koma gida ranar ina murmushi ni kaɗai a kan babur, har mai babur ya tambaye ni ko an ƙara mana albashi.

Talatar da ta biyo baya aka fito da sabon kan sarki na masuntan tafki: kwalekwale, mutum biyu suna jan taru, da farin tsuntsu a sama. Tun kafin mu buɗe layi ya kai bakin titi. Dada Huefa ta zo da ambulan biyar, kamar yadda ta saba aika wa abokanta na gindin mangwaro, kowanne da sunan mai shi da kyakkyawan rubutunta na asibiti. Na shafa tawada, na buga huɗu. Na biyar na Fofo Komlan ne, kuma ba don yabon kai ba, a shekara ashirin da uku ban taɓa buga hatimi irin wannan ba. Ya zauna daram, kowane harafi ya fito, kwanan wata ya faɗa daidai ƙarƙashin kwalekwalen. Abu ɗaya kawai, in hatimi ya sauka a kan kwali ƙara yake yi, ƙwas. Wannan kuwa a tausashe ya sauka. Hannuna ya ji, amma wani dattijo yana ta ƙorafi a bayanta cewa na ba shi kan sarki mai gajeren haƙori, sai na jefa ambulan ɗin cikin kwando na juya in yi faɗa.

Da Asabar ta zo, Dada Huefa ta iso da sabon ɗankwali. Ta zauna a gefen bencin da aka goge, ta ce a hankali, "Ya iso?"

"Ya iso lafiya," in ji Fofo Komlan. "Ko lanƙwasa babu. Na gode, Dada."

Ta sunkuyar da kai tana murmushi kamar budurwa. Ba ta daɗe ba ta tashi, ta ce za ta kasuwa kafin kifi mai kyau ya ƙare.

Daga nan abubuwa suka lalace, ni kuma na kasa gane dalili. Asabar ta gaba Dada Huefa ta zo da tsohon ɗankwalinta, ta wuce bencin Fofo Komlan kamar babu kowa a kai, ta zauna kusa da Tonton Dosu. Ya gaishe ta, ta amsa wa mangwaro. Ta fara rarraba kan sarkinta masu tsuntsaye, wai nauyi za su yi mata a jirgi. Kowa ya samu, ban da mutum ɗaya.

Shi kuwa Fofo Komlan ya mai da gidan waya gidansa. Yana da akwatin wasiƙa a wurinmu, sai ya riƙa buɗe shi sau uku a yini. Ya buɗe, ya leƙa, ya zura hannu har gwiwar hannu ya shafa kusurwoyi, ya rufe. Daga nan ya zo tagata.

"Ayaba, wasiƙa daga cikin gari zuwa nan, kwana nawa take yi?"

"Kwana ɗaya, Fofo. In ta yi nawa, biyu."

"Ba ta taɓa maƙalewa a gindin buhu?"

"Buhunmu ba shi da gindin da ba na gani. Wasiƙar wa kake jira?"

"Babu. Tambaya ce kawai."

Ya rame a idona. Ranar da na gan shi da maɓallin riga a ramin da ba nasa ba, na san abin ya kai inda ya kai. Tausayinsa ya kama ni, haushin Dada Huefa ma ya kama ni. A raina na ce in ba ki so, ki rubuta masa "a'a" mana, harafi nawa ne.

Ranar Alhamis ta makon ƙarshe, saura kwana huɗu tafiyarta, ta zo tagata da takardar sauya adireshi, don a riƙa tura mata wasiƙunta Libreville. Babu layi, sai na kasa riƙe bakina.

"Dada, ba ruwana, amma bawan Allahn nan zai mutu a bakin akwatinsa. Kin ce za ki ba shi amsa a rubuce."

Ta ɗago ta harare ni. "Ashe kunnenki ya fi hannunki aiki."

"Makulli ne ya riƙe ni."

"To bari ki ji. Na rubuta. Ya ce mini da bakinsa ya iso. Daga nan shiru, kuma shiru ma magana ce. Ni ba yarinya ba ce da zan bi namiji ina tambayarsa ko ya sake shawara."

"Yaushe kika aika? Ni ban ga wasiƙarki ta wuce ba."

"Ke kika buga mata hatimi da hannunki. Ranar masunta."

Sai na ji saukar hatimin nan a tafin hannuna kamar yanzu na buga shi. Na dafe teburin taga.

"Dada, a ambulan ɗin ranar farko kika sa?"

"To a me zan sa? Magana irin wannan in manna mata kan sarkin da ake aika takardar haraji da shi? Na jira har ranar Talata don in sa mata wanda ya dace."

"Kin sa kwali?"

"Wasiƙa na sa, me zan yi da kwali?"

"Dada," na ce, "shekara nawa kike tarawa? Wa kika taɓa gani ya buɗe ambulan ɗin ranar farko?"

Na ga abin yana shigarta a hankali. Na ɗauka dariya za ta yi, har na fara tawa, sai na ga fuskarta ta ƙara murtukewa.

"Wato bai buɗe ba."

"Yana cikin kundi, in dai Fofo Komlan ɗin da na sani ne. Bari in aika a kira shi yanzu."

"Kada ki kuskura." Ta ɗora yatsa a kan teburin. "Mutum an ce masa za a ba shi amsa a rubuce. Kwana uku sai ga ambulan da rubutun hannuna, da sunansa. Bai ce bari in taɓa in ji ba, bai ce bari in ɗaga a rana ba. Hatimi ya gani. To ya auri hatimin. Ki yi mini alkawari, Ayaba, ba za ki faɗa masa ba."

"Dada, laifin ai na ku biyu ne."

"Ni na karɓi haihuwar 'ya'yanki uku. Ki yi mini alkawari."

In aka kawo maganar 'ya'ya uku, me ya rage? Na yi alkawari. Na tambaye ta me ta rubuta a ciki, ta ce abin da ke cikin wasiƙa na mai wasiƙa ne, kuma ni ma'aikaciyar gidan waya ya kamata in fi kowa sani. Ta sa hannu a takardarta ta fita.

Kwana na yi ina juya abin. Alkawari kaya ne, kuma ban taɓa saɓa wa Dada Huefa ba. Amma in zauna ina kallo dattawa biyu su rabu saboda takarda mai yawu a baki, wannan ma ba zan iya ba. Ranar Juma'a ina auna wa wata mata fakiti sai dabara ta zo mini. Na yi alkawarin ba zan faɗa ba, ban yi alkawarin ba zan auna ba. Na aika wa duk 'yan gindin mangwaro cewa gobe, tunda taron ban kwana ne, kowa ya zo da ambulan ɗin masunta da Dada ta aika masa, ina so in ga wanne hatimina ya fi kyau.

Asabar aka cika. An sayi lemo, mai agidi ta ƙara kifi. Tonton Dosu ya zo da tsohuwar kyamararsa. Dada Huefa ta zauna can ƙarshen benci da jakarta a cinya. Fofo Komlan ya zo da baƙin kundinsa rungume a ƙirji, idanunsa sun faɗa. Dama cikin biyar ɗin nan ta ajiye wa kanta ɗaya, don haka da nata da na mutum huɗu aka jera ambulan biyar a kan tebur. Da Fofo Komlan ya zaro nasa daga rigarsa ta leda, da hantsaki, sai kowa ya matso. Aka sunkuya da gilasai.

"Wannan ba hannun mutum ba ne," in ji Tonton Dosu. "Ayaba, ranar me kika ci?"

Na shiga ofis na fito da ƙaramin ma'aunin wasiƙa na ɗora a tebur, na sa dutse a ƙarƙashin ƙafar da ke ɗingishi.

"Ayaba," in ji Dada Huefa daga inda take, "kin yi alkawari."

"Bakina a rufe yake, Dada. Ma'auni ne zai yi magana, shi kuma na gwamnati ne."

Na ɗora na farko, allura ta tsaya. Na biyu, wuri ɗaya. Na uku da na huɗu haka. Na miƙa hannu ga na biyar, Fofo Komlan ya ce in bari shi ya ɗora da kansa. Ya ɗora, allura ta tsaya tun ba ta kai inda sauran suka kai ba.

"Kwalinka ya rame, Komlan, kamar mai shi," in ji Tonton Dosu. Ya kai yatsa ya ɗan danna gefen ambulan ɗin, sai dariyar ta tsaya masa. "Kai, wannan ba kwali ba ne. Takarda ce a ninke."

Fofo Komlan ya dubi ambulan, ya dubi Dada Huefa, ya sake duban ambulan. Gumi ya keto masa har ya jiƙa wuyan rigar. Ya zauna a benci ba tare da ya duba ko da ƙura ba.

"Mako uku," ya ce. "Mako uku tana ɗakina, a kan kabad."

Tonton Dosu ya riƙe ciki. "Yana zuwa gidan waya sau uku a yini neman abin da yake kwana da shi. Jama'a, ku ba ni wuri in faɗi."

Da aka gane abin da ke ciki, sai shawara ta ɓarke, kuma a nan ne na tabbata mutanena ba za su taɓa warkewa ba. Ba wanda ya ce a buɗe. Wani ya ce a kara shi a tururi, bakin zai saki da kansa. Wani ya ce tururi zai sa tawadar hatimi ta zube, shi ba zai tsaya a yi wannan ta'asa a gabansa ba. Tonton Dosu ya ɗaga ambulan ɗin a rana, ya kanne ido ɗaya, ya ce takardar mai kauri ce, ba a ganin komai. Wani ya ce a nemo sabuwar reza a tsaga ta ƙasa, siririn tsagi, yadda in an sa a kundi ba mai lura. Aka ce ai tsagi tsagi ne. Dada Huefa tana zaune tana kallonsu.

Can Fofo Komlan ya miƙe, ya gyara riga, ya je gabanta. Na ce a raina yauwa. Ashe ban san sauran ba.

"Dada, na yi kuskure, ki yafe mini. Amma tunda ga ki ga ni, ki faɗa mini abin da ke ciki da bakinki. Sai a bar ambulan ɗin ya huta."

Na rufe ido. Da ina kusa da shi da na taka masa ƙafa.

Dada Huefa ta miƙe a hankali. Ta ɗauki gwangwaninta ta sa a jaka, ta zare ambulan ɗinta daga tebur, ta rataya jakar.

"Na ce a rubuce zan ba ka, na kuma ba ka. Ba a yanke cibiya sau biyu, Fofo. Jama'a, na gode da lemo. Sai wata rana."

Ta nufi bakin titi ba ta waiwaya ba. Ta ɗaga wa mai babur hannu, ya tsaya.

"Reza," in ji Fofo Komlan, yana lalube aljihu. "Wa ke da reza?"

Babu mai ita. Tonton Dosu ya ce yana da almakashi mai kyau, amma a gida. Mai agidi ta miƙo wuƙar kifi tana ɗigar mai, aka yi mata ca. A bakin titi Dada Huefa ta gama ciniki, ta tattare zani ta hau. Mai babur ya taka, injin ya kama.

Sai na ji kyat. Fofo Komlan ya zura babban yatsa a kusurwar ambulan ya ja. Tsagin bai bi baki ba. Ya karkace ya ratsa kan sarkin, ya raba kwalekwalen biyu, ya bi ta tsakiyar hatimina. Dattawa suka yi nishi gaba ɗaya kamar an taka musu ciwo. Ni kaina sai da na ji abin a ƙirjina, don na san ba zan ƙara buga irinsa ba. Dada Huefa ma ta ji, ko ta ga yadda aka dafe kai, don ta taɓa kafaɗar mai babur ya tsaya.

Ya warware takardar. Ya manta tabaransa, sai ya kara gilashin ƙara girma yana bin layi, Tonton Dosu kuwa ya leƙa ta kafaɗarsa yana karanta wa duniya.

"Komlan, na yarda. Ka zo gidana ranar Lahadin nan bayan coci. Na aika a kira yayana daga Ajara don ka gaishe shi yadda ya kamata. Kada ka makara. Huefa."

Ban taɓa ganin Fofo Komlan yana gudu ba sai ranar. Ba gudu ne mai kyau ba, amma ya kai shi bakin titi. Muka bi shi duka, har mai agidi.

"Dada," ya ce yana haki, "wace Lahadi?"

"Wadda ta wuce da mako biyu, gobe na uku." Ba ta sauko daga babur ba. "Na sayi kifi na mutum shida. Yayana ya zo da zanensa na biki, ya zauna a falo tun sha biyu har rana ta faɗi. Duk babur da ya wuce sai ya gyara zama. Da zai tafi ya ce mini, wannan shi ne mutumin da kika ce jirgi bai taɓa makara a hannunsa ba? Ni da furfurata, Komlan, na rasa inda zan sa fuskata."

Muryarta ta ɗan karye a ƙarshe.

"Gobe ma Lahadi ce," in ji Fofo Komlan.

"Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Tafiyar jibi ce."

Ta dube shi ta daɗe. Sannan ta miƙa hannu. "Mu gani."

Ya ba ta yagaggen ambulan. Ta haɗa ɓangarorin biyu, ta dubi kwalekwalen da ya rabu, ta ja iska ta haƙora kamar ita aka yanka.

"Kai ko ta ƙasa ba ka iya yagawa ba? Dubi yadda ka yi wa hatimin Ayaba."

"Babur ya riga ya tashi," ya ce.

Ta sa gefen ɗankwali ta goge ido, ta ce ƙurar titi ce, alhali da safe aka yi ruwa. Ta ninke ambulan ɗin ta tura a jakarta.

"Yayana ya rantse ba zai ƙara taka ƙafarsa garin nan saboda kai ba. Kai za ka je Ajara ka same shi, ka durƙusa da wannan gugar taka."

"Yaushe?"

"Ga babur can yana zuwa. Tsai da shi."

"Tikitin fa, Dada?" in ji Tonton Dosu.

"Sika ta san hanyar gidan uwarta," ta ce.

Fofo Komlan ya tsai da babur ɗin, ya ɗaga doguwar ƙafarsa ya hau da ƙyar, ya riƙe mai babur da hannu biyu. Suka tashi, ita a gaba, shi a baya, suka sha kwanar kasuwa. Tonton Dosu ya tuna da kyamararsa bayan sun ɓace.

Da muka koma gindin mangwaro sai muka tarar da baƙin kundin a kan benci, a buɗe, shekara arba'in na tari, iska tana ɗaga shafi, tsuntsaye suna ta tsalle a reshen da ke daidai samansa. Dattawa suka kewaye shi suna kallon juna, ba wanda ya yi ƙarfin halin taɓawa. Na je famfo na wanke hannu, na rufe shi, na kai ofis na kulle a durowata, ina cewa yanzun nan zai juyo da babur a rikice. Sai ranar Laraba ya zo nemansa.